Jaridun Ingila Da Yahudawa Masu Gudun Hijira

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 jarida ta zama abokiyar karin kumallon mutanen Ingila. Dalili kuwa shi ne dokar ilmi ta 1870 da wadda ta biyo bayanta a 1880 sun cika ƙasar da makarantun elementare, har ya zamana 'ya'yan talakawa sun iya karatu. Wani mai wayo, Alfred Harmsworth, ya lura da haka, ya kafa jaridar Daily Mail a 1896, yana sayad da ita sisin kwabo. Ba a yi shekara biyar ba sai da ta kai ana buga kusan miliyan guda kowace rana. Daga nan abin da jarida ta faɗa da safe shi a ke taɗi a kansa da rana a masaƙa da kasuwa, shi ne kuma wakilai su ke ɗauka su kai Majalisar Dokoki. Saboda haka wanda ya ke so ya san yadda ƙasar nan ta karɓi baƙo, sai ya duba abin da jaridunta suka rubuta a kansa.

Sau biyu Yahudawa suka yi sallama a ƙofar Ingila da yawa suna neman mafaka: na farko daga ƙasar Rasha, na biyu daga ƙasar Jamus. Mai karanta labarin zai ga abu guda yana ta maimaita kansa. Jaridar da ta yi kukan zaluncin da a ke yi wa mutum can a ƙasarsa, sau da yawa ita ce ta kan fara ƙorafi ran da mutumin ya iso bakin zaure da ƙunshin kayansa.

A cikin watan Maris na 1881 aka kashe Sarkin Rasha, Alexander na Biyu. Aka baza jita-jita, wai Yahudawa ne suka ƙulla abin, sai jama'a suka far wa unguwanninsu a garuruwan kudancin ƙasar, ana kisa, ana wasoso, hukuma kuwa tana kallo. Irin wannan tarzoma ta yi ta aukuwa shekara da shekaru. A garin Kishinev kaɗai an kashe Yahudawa 49 a cikin Afrilu na 1903. Ga kuma dokokin da suka hana su zama inda su ke so, da talauci mai tsanani. Sai suka shiga tashi. Mafi yawansu Amirka suka nufa, amma tsakanin 1881 da 1914 fiye da 100,000 sun sauka Ingila suka zauna. Da yawa sun taru a gabashin birnin Landan, a unguwannin Whitechapel da Stepney, waɗansu a Leeds da Manchester. Sana'arsu ɗinkin tufafi, da ɗinkin takalma, da aikin kafinta, a cikin ƙananan ɗakuna, tun asuba har dare.

Sa'ad da labarin kisan 1881 ya iso Landan, manyan jaridu sun buga shi da baƙin ciki, manyan gari kuma sun yi taro sun tara gudummawa. Amma da jiragen ruwa suka fara sauke mutanen, sai magana ta sake. Waɗansu jaridu suka riƙa cewa baƙin nan ƙazamai ne, suna kawo cuta, suna karya farashin ƙwadago, suna sa kuɗin haya ya hau, kuma ba za su taɓa zama Ingilishi ba. A 1900 wani jirgin ruwa mai suna Cheshire ya sauke Yahudawa a tashar Southampton, waɗanda suka gudo daga yaƙin Afirka ta Kudu. Daily Mail ta ba da labarinsu tana nuna cewa ba 'yan gudun hijira ba ne na gaskiya, masu kuɗi ne su ke ɓoye zinariya a jikinsu suna roƙo. A 1901 aka kafa wata ƙungiya a gabashin Landan don neman a rufe wa baƙi ƙofa, kuma wakilin Stepney a Majalisa, Manjo Evans-Gordon, shi ne babban mai yi mata magana.

Gwamnati ta naɗa kwamitin bincike, ya kawo rahotonsa a 1903. Kwamitin ya tarar lalle akwai cunkoso a waɗansu lunguna na Stepney, amma bai sami hujjar cewa baƙi sun kawo annoba ba. Ga shi kuma dukan baƙin da ke Ingila, na kowace ƙabila, ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar ba. Duk da haka a 1905, zamanin da Arthur Balfour ya ke Firayim Minista, aka yi dokar baƙi. Dokar ta ba ma'aikatan tashar jirgi iko su mai da duk matalaucin da ya zo a ƙasan jirgi in ba shi da abin riƙe kansa, watau wajen fam 5, ko in yana da wata muguwar cuta. An dai bar kafa ga wanda ya tabbatar cewa an kore shi ne saboda addini ko siyasa. Ba a ambaci Bayahude ko sau ɗaya a cikin dokar ba, amma kowa ya san wanda a ke nufi. Daga ranar nan ƙofar da ta daɗe a buɗe ta sami mai gadi.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko sai wata sabuwar fitina ta ɓullo. An fito da wani ɗan littafi a Rasha tun 1903, wai shi ne asirin shawarar da dattawan Yahudawa suka yi a ɓoye don su mallaki duniya. A 1920 aka juya shi da Turanci aka buga a Landan. Ran 8 ga Mayu na shekarar nan jaridar The Times, wadda ta fi kowace jarida kwarjini a ƙasar, ta yi dogon bayani a kansa, tana tambaya ko gaskiya ne, tana neman a bincika. Ba ta ce gaskiya ne ba, amma tambayar kaɗai ta isa, gama in dattijo ya tsaya yana sauraron maganar mahaukaci, yara sai su zaci akwai wani abu a ciki. A watan Yuli kuma jaridar Morning Post ta jera maƙalu da yawa a kan makircin da ta ce Yahudawa suna ƙullawa.

A watan Agusta na 1921 wakilin The Times a Santambul, Philip Graves, ya tona asirin. Wani mutumin Rasha ya ba shi wani tsohon littafi na Faransanci wanda wani lauya, Maurice Joly, ya wallafa a 1864 don ya yi wa Sarkin Faransa, Napoleon na Uku, zambo. Babu maganar Yahudawa a cikinsa ko kaɗan. Graves ya jera littattafan biyu gefe da gefe, sai ga shi an kwashe shafi bayan shafi daga na Joly an liƙa wa Yahudawa. The Times ta buga wannan kwana uku a jere, ta wanke kanta, kuma ta cancanci yabo a kan haka. Sai dai magana zarar bunu ce. Littafin ƙaryar ya riga ya shiga harsuna da yawa. Hitila ya ambace shi a littafinsa na 1925, har ya ce yawan musun da a ke yi shi ne shaidar gaskiyarsa. Ana cewa ƙarya fure ta ke yi ba ta 'ya'ya, amma wannan kam ta yi 'ya'ya, masu ɗaci ƙwarai.

Ran 30 ga Janairu, 1933, Hitila ya zama shugaban gwamnatin Jamus. Yahudawan ƙasar a lokacin wajen 500,000 ne, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ran 1 ga Afrilu aka hana sayayya a kantunansu, bayan mako guda aka fara korarsu daga aikin gwamnati, a 1935 kuma aka yi dokokin Nuremberg waɗanda suka raba su da 'yancin ɗan ƙasa, suka hana aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. Ingila kuwa a lokacin tana fama da nata ciwo, gama a farkon 1933 marasa aiki sun kusa miliyan 3. Don kada a ce baƙi sun zo cin abincin talakawa, shugabannin Yahudawan Ingila, cikinsu har da Otto Schiff, suka yi wa Gwamnati alkawari cewa duk ɗan gudun hijirar da aka bari ya shigo su za su ɗauki nauyinsa, baitulmali ba za ta kashe ko anini ba.

A nan jaridun suka rabu. Manchester Guardian, a ƙarƙashin editanta W. P. Crozier, ta riƙa buga labarin duka da ɗauri da a ke yi a Jamus filla-filla, yawancinsa daga wakilinta Frederick Voigt, har Gwamnatin Hitila ta hana shigar da ita ƙasar a 1933. The Times tana da wakili mai gaskiya a Balin, Norman Ebbutt, amma editansa, Geoffrey Dawson, yana son a zauna lafiya da Jamus, ya kan rage zafin abin da zai ɓata wa Jamusawa rai. Duk da haka an kori Ebbutt daga Jamus a 1937. Daily Mail kuwa ta riga ta koma hannun Lord Rothermere, ƙanen wanda ya kafa ta. A Yuli na 1933 ya rubuta maƙala yana yabon sabuwar gwamnatin Jamus, a Janairu na 1934 ya sake wata yana jinjina wa 'yan baƙar riga na Oswald Mosley a Ingila. Ya janye daga Mosley bayan 'yan watanni, amma daga baya ya riƙa ziyartar Hitila.

A Maris na 1938 Jamus ta haɗiye ƙasar Ostiriya, inda Yahudawa wajen 185,000 su ke zaune. A birnin Biyana aka riƙa fito da dattawa da mata ana sa su wanke titi a durƙushe, jama'a suna dariya. Jaridun Ingila sun ba da wannan labari. Amma a cikin watan nan Daily Express, jaridar Lord Beaverbrook, ta yi sharhi tana tambaya ko kowa da kowa za a bari ya shigo. Hujjarta ita ce in Yahudawa suka yi yawa, ƙiyayyarsu za ta tashi a Ingila, don haka rage su shi ne alheri gare su. Wannan hujja tana kama da tausayi, amma in an duba ta da kyau, laifin ƙiyayya ta ɗauke daga kan mai ƙi ta ɗora wa wanda a ke ƙi. Nan da nan Gwamnati ta sa dokar biza a kan masu fasfo na Jamus da Ostiriya, ya zamana a can a ke tace mutum tun bai taso ba. Ministan Harkokin Cikin Gida, Sir Samuel Hoare, ya so ya karɓi likitoci 500 daga Ostiriya, amma ƙungiyoyin likitocin Ingila suka ƙi, aka tsaya a kan 50.

A Yuli na shekarar, bisa kiran Shugaban Amirka, Roosevelt, wakilan ƙasashe 32 suka taru a garin Evian na Faransa don su shawarta al'amarin. Kowa ya tashi ya nuna juyayi, sa'an nan ya faɗi dalilin da ya sa gidansa ba wuri. Wata 'yar ƙasa ce kaɗai, Jamhuriyar Dominika, ta ce za ta karɓi masu yawa. A watan Agusta kuma Daily Mail ta buga maganar wani majistare na Landan, Herbert Metcalfe, wanda ya ce yadda Yahudawa marasa ƙasa su ke kwararowa ta kowace tasha ya zama abin takaici. Kalmar kwarara da ta ambaliya su ne irin kalmomin da a ke so a lokacin, gama ruwa ba shi da suna, ba shi da uwa, ba shi da 'ya'ya, ba wanda ya ke jin kunyar tare shi.

Ran 7 ga Nuwamba wani saurayi Bayahude ɗan shekara 17, wanda aka kori iyayensa daga Jamus, ya harbi wani ma'aikacin ofishin jakadan Jamus a Faris. Da mutumin ya mutu, sai 'yan Nazi suka sami abin fakewa. Daren 9 ga wata zuwa wayewar garin 10 aka ƙone ɗaruruwan wuraren ibadar Yahudawa, aka farfasa kantuna wajen 7,500, aka kama maza wajen 30,000 aka kai su sansanonin tsaro. Hukumar Nazi da kanta ta ƙidaya mutum 91 da aka kashe. Sa'an nan aka ci Yahudawan tarar kuɗin ɓarnar da aka yi musu.

Wannan karo kusan dukan jaridun Ingila suka yi magana da murya ɗaya, suka yi tir da abin. Sai ga amfanin jarida ya fito fili. Ran 21 ga Nuwamba Majalisa ta tattauna al'amarin. Hoare ya gaya wa wakilai cewa 'yan gudun hijira 11,000 da suka zauna a ƙasar sun sama wa Ingilishi 15,000 aiki, watau akasin abin da aka daɗe ana faɗi. Gwamnati ta yarda a shigo da yara 'yan ƙasa da shekara 17 ba tare da biza ba, muddin akwai mai tsaya musu, daga baya aka sa lamunin fam 50 a kan kowane yaro. Ran 2 ga Disamba rukunin farko, yara wajen 200, suka sauka a tashar Harwich. Tsohon Firayim Minista, Lord Baldwin, ya yi roƙo ta rediyo, jama'a suka tara wajen fam 500,000. Kafin yaƙi ya tashi a Satumba na 1939 an kawo yara wajen 10,000. Mata wajen 20,000 kuma sun shigo da sunan aikin gida.

Amma fa yara aka karɓa, ban da iyayensu. Hoton yaro da 'yar jakarsa da lamba rataye a wuya yana da daɗin bugawa a jarida, gama yaro ba ya neman aikin kowa. Uba mai sana'a kuwa shi a ke tsoro. A shafin ƙananan tallace-tallace na Manchester Guardian a 1938 ana iya ganin layi biyu ko uku da iyaye daga Biyana suka biya aka buga, suna neman mai tausayi da zai riƙe musu ɗa ko 'ya. Da yawa daga cikin yaran nan sallamar da suka yi da iyayensu a tashar jirgin ƙasa ita ce ta ƙarshe.

Da aka fara yaƙi, Gwamnati ta kafa kotuna na musamman suka bincika Jamusawa da mutanen Ostiriya fiye da 70,000 da ke ƙasar. Suka tarar mafi yawansu, wajen 55,000, mutane ne da Hitila ya koro, aka bar su suna harkarsu. Amma a Afrilu da Mayu na 1940 Jamus ta auka wa Norwe, ta ci Holan cikin kwana biyar, ta kutsa Faransa. Tsoro ya kama mutane, aka ce munafukan cikin gida ne suka buɗe wa abokan gaba ƙofa. Daily Mail da 'yar'uwarta Sunday Dispatch suka shiga gaba wajen neman a tsare baƙi duka, ba tare da bambanta mai korar da wanda aka kora ba. Gwamnati ta kama wajen 27,000, aka kai da yawa tsibirin Man, aka fara tura waɗansu Kanada da Ostareliya. Ran 2 ga Yuli jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsad da jirgin Arandora Star a hanyarsa ta zuwa Kanada, mutum wajen 800 suka halaka. Yawancinsu Italiyawa ne, amma akwai 'yan gudun hijira daga Jamus a ciki. Sai iska ta sake juyawa. Wakilai irin su Eleanor Rathbone suka tsananta magana a Majalisa, waɗansu jaridu suka ce an yi kuskure, aka shiga sakin mutane. Daga baya 'yan gudun hijira wajen 10,000 suka shiga sojan Ingila suka yaƙi Hitila.

Ran 25 ga Yuni, 1942, Daily Telegraph ta buga cewa an kashe Yahudawa 700,000 a ƙasar Polan. A shafi na 5 ta sa labarin. Ran 17 ga Disamba Ministan Harkokin Waje, Anthony Eden, ya tabbatar wa Majalisa cewa Jamusawa suna ƙare Yahudawan Turai, wakilai suka miƙe tsaye suka yi shiru don juyayi. A lokacin kuwa hanyar fita ta riga ta toshe. Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka san an kashe Yahudawa wajen miliyan 6.

Waɗanda Ingila ta karɓa daga 1933 zuwa 1939 sun kai 70,000 ko fiye, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne in an gwada da abin da ƙasashe da yawa suka yi. Ba ta kuwa yi hasara ba. Ernst Chain, wanda ya zo daga Balin a 1933, yana cikin mutum uku da aka ba lambar girma ta Nobel a 1945 saboda maganin fenisilin. Likita Ludwig Guttmann, wanda ya zo a 1939, shi ya buɗe sashen masu karayar gadon baya a asibitin Stoke Mandeville a 1944, ya kuma fara wasannin naƙasassu a 1948, waɗanda suka bunƙasa suka game duniya. Daga cikin baƙin farko ma, Michael Marks da ya kafa 'yar tireda a kasuwar Leeds a 1884, shi ne tushen kantunan Marks & Spencer. Amma ba daidai ba ne a auna ran mutum da ribar da ya kawo. Tela da mai wanki da aka bari a baya suna da haƙƙin rayuwa daidai da na likita.

Ba adalci ba ne a ɗora wa jaridu laifin duka. Rashin aiki gaskiya ne, tsoron yaƙi gaskiya ne, Gwamnati kuma tana da nata lissafi. Wanda ya kashe shi ne mai laifin kisa. Sai dai minista ba ya buɗe ƙofa fiye da yadda ya ke zaton jama'a za su yarda, kuma daga jarida ya ke auna ra'ayin jama'a. Makonnin da jaridu suka haɗa baki a kan tausayi, a Nuwamba na 1938, sun isa a ceci yara 10,000. Makonnin da waɗansunsu suka haɗa baki a kan tsoro, a Mayu na 1940, sun isa a tsare mutum dubbai marasa laifi. Alƙalamin nan ɗaya ne ya yi aikin biyu.

Saboda haka ya kamata mai karanta jarida, ko a wace ƙasa ya ke, in ya ga an ce wata al'umma tana kwararowa, ya tambaya: su nawa ne, wa ya ƙidaya su, me ya koro su? Ya kamata kuma mai rubuta ta ya tuna cewa gyaran da a kan buga bayan shekara guda ba ya cim ma ƙaryar da ta riga shi fita, kuma mutumin da ke tsaye bakin ƙofa ba shi da jaridar da zai mai da martani a cikinta.